Sunan da Gwaggo Hansai Ta Baro a Gindin Ruwa

Sagir ne ya fara gano abin, mu kuma muka mayar da shi wasa. Gwaggo Hansai yayar babanmu ce, tana zaune ita kaɗai a ɗakin ƙurya. Akwai wani suna da in aka faɗe shi kusa da ita, sai ta zabura ta fito tsakar gida tana kwashe shanya, wai ruwa ya sauko. Ko da tsakiyar rani ne. Mu kuwa sai mu laɓe bayan randa muna ƙyaƙyata dariya.

Ranar da Yaya Balaraba, 'yar baffanmu, ta kama mu, ba ta dake mu ba. Ta dai kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ku zo nan, marasa kunya. Yau za ku ji abin da kuke yi wa dariya."

Ga yadda ta ba mu shi.

*

Ku matso. Ke Zulai, cire yatsa daga baki. Kuma kada wanda ya kuskura ya faɗi sunan nan, ga ɗakinta nan.

Sunan ɗanta ne. Ɗan fari, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta. Ba za ku tuna shi ba, lokacin Sagir yana goye. Kun san mutanen da, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya take ji. To Gwaggo ta fi kowa. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron". Shi ma ya saba. In ta ce "kai" daga madafa, ko yana ƙofar gida ne sai ka ga ya taso, ya durƙusa can gefe ya ce, "Ga ni."

Ya girma ya zama tela, har an fara maganar aurensa. Sai ciwo. Ciwon bai ja ba. A kan cinyarta ya cika, kuma ina wurin, da idona na gani. Bakinta ya buɗe, leɓenta ya motsa. Sai ta ɗaga kai ta ga 'yan'uwanta maza a tsaye cirko-cirko. Ta haɗiye. Ta ce "kai", a hankali. Wannan karon bai taso ba.

Mutane suka yi ta yabonta, wai ga mai haƙuri, ko ɗigon hawaye babu. Ni kam haushi ya kusa kashe ni. Haƙurin me? Mace tana ci da wuta a ciki, ana ce mata sannu da ƙoƙari.

Ta daina fita. Ta daina hira. Rannan babanku ya ji sanarwa a rediyo, wai akwai motar da ke kai mutane yawon buɗe ido wata matsirgar ruwa a kudu, irin wadda kuke gani a jikin kalanda, ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat. A tafi da safe, a dawo da yamma. Ba zan faɗi sunan wurin ba, na san halinku. Ya kama mata kujera ya ce, "Yaya, ki je ki ga ikon Allah, ki sha iska." Ita kuwa ba ta musu. Ta dafa dambu, ta zuba a kwano, ta ɗaure da ɗankwali. Na mutum biyu ta zuba. Hannunta bai taɓa koyon zuba na mutum ɗaya ba.

Motar cike take, amma kowa da nasa. 'Yan jami'a da wayoyinsu, wani ango da amaryarsa, wasu mata uku cikin anko suna ta shewa. Kujerar kusa da Gwaggo, kular lemo aka ɗora a kai. A hanya ta kwance kwanon ta miƙa wa wata yarinya, ta ce, "Bismillah, 'yar nan." Yarinyar ta ce, "Mun gode, Mama," ko ɗago kai ba ta yi ba. Gwaggo ta mayar da murfin.

Da suka isa, ɗan jagora ya tare su, wani baƙin dogo mai suna Ɗanladi, ɗan garin ne, da usur rataye a wuya. Ya tara su a inuwa ya ce, "Abu biyu. Kowa ya bi igiya, kada wanda ya sauka ta hanyar hagu shi kaɗai. Kuma in rana ta take tsaka, ku ji usur ɗina ku hauro. Wurin nan da masu shi."

'Yan jami'a suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Me ke hanyar hagun?"

Ɗanladi ya ce, "Gindin ruwa. A can, ko ihu ka kurma, kai kanka ba za ka ji muryarka ba."

Wannan maganar ce ta shiga kunnen Gwaggo ta zauna. Wurin da ba mai ji. Ko ita kanta.

Suka bi igiya, aka shiga ɗaukar hoto. Amarya ta miƙa wa Gwaggo jakarta ta riƙe, matan anko suka ce ta ɗan matsa, tana shiga hotonsu. Ta matsa. Ta ƙara matsawa. Ta ajiye jakar a kan dutse, ta duba, ba mai kallonta. Ta bi hagu.

Hanyar siririya ce, ga santsi. Tun tana jin shewar matan har ta daina. Ƙarar ruwan ta cika mata kai, tana jin ta har cikin haƙora. Feshi ya jiƙa ta sharkaf, mayafin ya manne mata a baya. Ba tsuntsu. Ba ƙuda. Inuwarta ta dawo ƙarƙashin ƙafarta.

Ta tsaya gaban ruwan. Ta gwada, ta ce "kai". Ba ta ji ba. Ta ƙara da ƙarfi. Shiru, sai ruwa.

Ta cika ƙirji da iska, ta buɗe baki. Kun san me? Ta kasa. Wallahi ko a can, ba kowa, kunyar nan ta biyo ta. Ta tsaya baki buɗe, hawaye na haɗuwa da feshi.

"Faɗi mana. Ba mai ji."

Haka aka ce, a hankali, daf da kunnenta, kamar a cikin ɗaki.

Ta juya. Wata mata ce zaune a kan dutse, sa'arta, da baƙin zani na saƙi. A cinyarta akwai ƙwarya, da faifai a gefe.

Gwaggo ta yi sallama. Matar ta yi murmushi, ba ta amsa ba.

"Tun daga sama na hango ki," in ji ta. "Me kika riƙe a baki haka?"

"Suna ne."

"Na wa?"

"Na wannan yaron."

"Kin taɓa kiran sa?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Matar ta lashi leɓe. Ta ce, "Ashe sabo ne fil."

A nan Gwaggo ta lura. Feshi na zuba a kan komai, dutse na naso, ita tana ɗiga. Amma zanin matar a bushe yake ƙayau. Gashin girarta ma ba ɗigo. Kuma ita Gwaggo ba ta jin abin da ke fita daga bakinta, amma matar tana ji, tana amsawa.

Na tambaye ta daga baya, na ce, "Gwaggo, ba ki gane ba ne?" Ta ce, "Na gane, Balaraba, ni yarinya ce? Amma tun da aka binne shi, ita kaɗai ta tambaye ni abin da ke bakina."

Matar ta miƙo ƙwaryar. Ta ce, "Faɗe shi a nan. Zai amsa."

"Zai amsa?"

"Zai amsa."

Gwaggo ta sunkuya a kan ƙwaryar. Ta rufe ido. Ta kira shi. Ta ce da dukan ƙarfinta ta kira, har sai da ta ji wani abu ya ɓalle a ƙirjinta. Kuma ta ji shi da kunnenta, sarai, sunan nan da muryarta. Ta ce ba ta san haka yake da daɗi a baki ba.

Da ta buɗe ido, ƙwaryar ta cika da ruwa har baki. Matar ta kife faifai a kai, caraf.

Sai daga bayan ruwan, can ciki, aka ce, "Na'am."

Muryarsa ce. Har da 'yar dishewar nan tasa ta safe.

Gwaggo ta ɗago kai. Ta dafa dutse.

"Ina nan ciki," in ji muryar. "Taho."

Matar ta miƙe, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta yi gaba. Duk inda ta taka, dutsen sai ya bushe, sawu fari a kan baƙin dutse. Ta waiwayo ta ce, "Bi sawuna, ba za ki zame ba."

Gwaggo ta bi. Ruwa ya kai idon sawu. Ya kai ƙwauri. Sanyi kamar ƙanƙara. Labulen ruwan na gabanta, in ta miƙa hannu za ta taɓa.

"Taho mana," in ji muryar. "Na gaji da jira. Taho."

Sai ta tsaya.

Ke Zulai, sakar min zani, ba inda zan je.

Ta tsaya ne don wani abu ya faɗo mata. Tun da ta haifi yaron nan, bai taɓa zama ya ce ta taho ba. Ko zazzaɓi yake yi, ko keke yake takawa da ɗinkin sallah a gabansa, in ta yi kira shi ke tasowa.

Ta daidaita mayafinta. Ta ce, "Kai," yadda ta saba faɗa daga madafa. Ta jira.

Ruwa na zuba. Ba wanda ya taso.

Ta ƙara jira, don uwa ce. Ba wanda ya ce "ga ni".

Matar ta juyo gaba ɗaya. Fuskarta ba ta sauya ba, murmushin ne dai ya yi faɗin da bakin mutum ba ya yi. Ta ce, "Shigo."

Gwaggo ta ce, "Ba ni abina."

"Kin riga kin bayar."

Gwaggo ta kama a'uziyya, ta juya. Ba ta waiwaya ba. Da rarrafe ta hau, gwiwa duk jini, takalmi ɗaya ya tafi. Muryar na bin ta a baya, tana kira, tana roƙo, daga ƙarshe tana kuka irin na jariri. Ta ce wannan kukan ya fi komai wuya, saura kaɗan ta koma.

A tsakiyar hanya ta ji usur. Ɗanladi ne yake saukowa a guje. Cikin motar nan kaf, shi kaɗai ya lura babu ita. Ya kama hannunta, ya dubi ƙafarta, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Mama, kin ba ta wani abu?"

Ta ce, "Kwanona na mota, ga 'yan kunnena. Ban ba ta komai ba."

Bai ƙara tambaya ba, ya cire silifas ɗinsa ya ba ta.

A mota amarya tana ta mita an bar mata jaka a rana. Gwaggo ta jingina da taga. Ta ce bari ta ƙara faɗinsa a zuci, yanzu da bakinta ya san hanya. Ta laluba. Babu. Ga fuskarsa, ga tabon goshinsa, ga yadda yake riƙe almakashi. Sunan ne babu.

Da ta dawo, ni ta kira ɗakinta. Ta rufe ƙofa. Kanta a ƙasa ta ce, "Balaraba, wannan yaron, yaya ma sunansa?"

Na faɗa mata.

Ta ɗaga kai ta dubi rufi. Ta ce, "Ruwa? A wannan watan?" Ta fita da sauri kwashe shanya.

Ba irin maganin da ba a yi ba. An yi tofi, an yi rubutu. Wani malami ya rubuta mata sunan a allo da manyan baƙaƙe, ta ce ita jiƙaƙƙen allo kawai take gani. Har yau, duk wanda ya faɗe shi, ƙarar ruwan nan take ji.

To kun ji abin da kuke laɓewa bayan randa kuna yi wa dariya. Kuma ku ji ni da kyau. Duk ranar da aka kai ku irin wurin nan, ku bi igiya. In kun ga wata tsohuwa a motar ba ta da abokin zama, ku ɗauke kular ku zauna, ku ci dambunta. Kada ku bar kowa ya bi hagu shi kaɗai.

*

Sagir ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Zulai, autarmu, ta ja hanci ta ce, "Yaya, to yanzu in sun haɗu a lahira, yaya za ta kira Yaya Ɗayyabu?"

Yaya Balaraba ta kai hannu za ta toshe mata baki, amma ya riga ya fita.

Labulen ɗakin ƙurya ya motsa. Gwaggo ta fito da 'yar tocilanta, ba ɗankwali. Ta ɗaga kai. Sama tar take, taurari ko'ina. Igiyar shanya ba komai a kai.

"Ba ruwa ba ne, Gwaggo," in ji Yaya Balaraba. "Yaran nan ne. Ki yi haƙuri, na yi musu faɗa, ba za su ƙara ba."

"Na san su ne," in ji Gwaggo. "Kullum ina ganin ƙafafunsu a bayan randa."

Ta kashe tocilan, ta zauna a bakin ƙofa.

"Bar su, Balaraba. Ban da su, wa ke faɗinsa a gidan nan?"

Zulai ta fara kuka.

"Zo nan, 'yar nan," in ji Gwaggo. Ta ɗora ta a cinya, ta kawo kunnenta kusa da bakinta, ta rufe ido. "Sake faɗa. A hankali."