Bangon Tsakiya

"Ki saki igiyar nan, Rayan!"

Ba ta saki ba. Ta ƙara fizga, turken awo ya tumɓuke har da ƙasa, mayafinta ya zame daga ka.

Osman, saurayinta, ya sha gabanta yana haki. Daga gona ya yanko a guje, laka har gwiwa.

"Magini shi auna da safe, ki zo da la'asar ki tuge! Mi na yi miki, habibti, masoyiyata?"

"Yayata tana nan, Osman..." Ta nuna rabin filin na gabas. "Inda munka ce madafinta za shi zama. Ina jin ta tana dakan gahawa, tana kiran sunana."

Ya waiwaya. Ba kowa sai busasshiyar ciyawa da kogi a can ƙasa. Duk da haka tsikar jikinsa ta tashi.

Gidan na mutum huɗu ne tun farko. Osman da wansa Gado suka nemi auren 'yan ɗaki ɗaya, Rayan da yayarta Widad. Rayan, wadda ta fara karatun zanen gini a birnin Madani, ita ta tsara shi: gida biyu, rufi ɗaya, bango ɗaya a tsakiya, kowa da ƙofarsa da tsakar gidansa. Widad ta kafe sai tagogin duka sun kalli kogi, don kada wata ta fi wata shan iska. Ita aka fara aurarwa, ta haifa wa Gado 'ya, Sabah.

Kafin a gasa tubali yaƙi ya iso garinsu, Abu Hujar. A hanyar gudu amai da gudawa suka kama Widad. Aka binne ta gindin wata bishiyar ƙaya, wadda da suka dawo ba wanda ya iya gane ta.

"Ba ni da kabarin da zan tsaya in yi mata addu'a," in ji Rayan. "Filin ga kaɗai ya rage mini. In anka ɗora tubali, ina za ta tsaya?"

Osman ya tsuguna ya tattara turakun.

A gida mahaifiyarsa, Iya Sabuwa, ta gaji. Hanan, 'yar ƙaninta, wadda ta daɗe da sa ido a kan Osman, kullum sai ta kawo mata sabon labari a kan Rayan.

"Wallahi Gwaggo, hira take da matattu! Ki bari ta shigo miki zuri'a?"

"Ka ji ko?" Iya ta dubi Osman. "A soke wannan tagwayen gida. Ka gina naka kai kaɗai, ga Hanan nan."

"Iya, ki gafarce ni. In ba Rayan ba, filin shi zauna haka har in mutu."

Washegari da la'asar Hanan ta ja Iya har bayan shingen ƙayar filin don ta gani da idonta.

Rayan na zaune a ƙasa, ta juya musu baya, tana magana a hankali.

"Sabah ta fara tafiya, Yaya... Tana jan ƙafar hagu irin taki. Iya ce ke mata wanka, tana kula da ita kamar ranta, kada ki damu."

Hanan ta taɓa Iya. "Kin ji ko?"

Hawaye ne ke bin kuncin Iya. Ita ma kullum in ta ɗauki jikar tata sai ta ga fuskar surukarta. Ta ture hannun Hanan, ta zagaya shingen, ta zauna kusa da Rayan.

"Ɗiyata... Gado na ɗaure kaya. Ya ce ba shi iya kallon filin ga haka. Garin Managil za shi, da yarinyar."

Rayan ta zabura.

"Da Sabah?"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta iske Gado a ƙofar gida, jaka a gefensa, Sabah a kafaɗarsa tana tsotsar yatsa. Osman na tsaye yana ba shi baki.

"Yaya Gado, don Allah kar ka raba ni da ita!"

"To in zauna ina, Rayan?" Idanunsa sun yi ja. "Widad ta mutu tana zancen gidan ga. Ke kin hana a gina. Kullum in wuce in ga wurin ɗakinta ciyawa ta cinye?"

Ta durƙushe tana kuka. Sabah ta miƙo hannu tana son zuwa wurinta.

Rayan ta karɓe ta, ta ƙanƙame. Can ta ɗago ta dubi Osman.

"A kira magini... Amma zan gyara abu guda. A buɗe ƙofa a bangon tsakiya, don yarinyar ga ta shigo duk sa'ad da ta so."

"Ko ƙofa goma kika ce, ruhina."

Bayan girbin riɗi aka gama gini, aka ɗaura aure. Hanan ba ta zo ba. Gado ya tare a gabas da 'yarsa, amarya da ango a yamma.

Ranar da suka yi sati, da la'asar, Osman ya iske Rayan tsaye a tsakar gida, ta karkata kai tana saurare.

"Kin ji ta?"

Ta girgiza kai, hawaye suka zubo.

"Tun ranar da anka ɗora rufi ban ƙara ji ba. Kullum ina saurare... Ta tafi, Osman."

Ya riƙe hannunta da hannuwansa biyu, bai ce ta yi shiru ba. Suna nan tsaye har aka kira magariba.