Rami na Ashirin da Huɗu

Ƙarfe biyu na rana, a ɗakin bayan garejin Oga, Injiniya ya zana akwati a jikin kwalin batir.

"Wannan shi ne suwic, inda duk kwamfutocin kamfanin jigilar kayan ke haɗuwa. Rami ashirin da huɗu gare shi. Kwamfutar mai tsara tafiyar motoci tana na uku. Zan umarce shi, duk abin da ya bi ta uku ya kwafa ya zuba a na ashirin da huɗu. Nan zan jona na'urarmu, ta riƙa turo mana. Madubi ke nan. Suna harkarsu, muna kallo."

"Ba za su ji a jikinsu ba?" in ji Oga.

"Saƙonsu zai wuce lafiya lau. Kwafi kawai muke ɗauka."

Dogo, direbansu, ya kwashe da dariya. "Ɓarawon da bai ɗauki komai ba. Allah ya shirya ɗan boko."

Washegari Injiniya ya shiga kamfanin da rigar masu gyara da takardar aiki ta bogi. Ɗakin na'urorin sanyi ƙalau, wayoyi sun harɗe kamar saƙar gizo-gizo. Minti goma sha biyu ya yi. Ya saita madubin, ya ɓoye na'urarsa bayan akwatin. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba shekara goma sha ɗaya kafin a kore shi daga aiki: ya ɗaure wayar tsaf, ya manna mata 'yar takarda mai lamba 24.

Kwana uku saƙonni na zubowa, domin tsohon tsarin kamfanin ba ya kulle su. Motar sababbin wayoyin hannu, wadda suke shirin tarewa, za ta fita ranar Alhamis, goma na safe, ta tsohuwar gada.

Ran Laraba wani saƙo ya faɗo, daga shugaban tsaro zuwa mai tsara tafiya: "Mai tuƙa ɓarayin ya tabbatar mana da Alhamis. A kula, kada a harbe shi."

Injiniya ya karanta sau uku. Ta taga yana hango Dogo na wanke mota yana fito. Dogo ne ya kawo shi cikin harkar, shi ne ya riƙa kai masa mahaifiyarsa asibiti. Amma jiya waya biyu ya fita waje ya amsa. Injiniya ya kai hannu zai goge saƙon.

"Bar shi," in ji Oga a bayansa. "Wa kake rufa wa asiri?"

Alhamis da safe Oga ya sa aka kulle ƙofar garejin.

"Dogo, miƙo wayarka."

"Haba Oga, matata ce fa, wata tara..."

"Da 'yan sanda take naƙudar?"

Dogo ya dubi Injiniya. "Ɗan'uwa, gaya masa mana."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Dogo ya zabura ya yi ƙofa, Oga ya zaro bindiga. Tau! Tau! Ya kife kan tulin tayoyi. Kafin hayaƙin ya washe, ƙofar ta ɓalle daga waje.

"'Yan sanda! Kowa ƙasa!"

Oga ya juyo da bindiga — harbi ɗaya suka yi masa.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto ya shigo da wata mata mai tabarau, ma'aikaciyar na'urorin kamfanin. Ta ajiye 'yar takardar a kan tebur.

"Aikinka yana da kyau," ta ce. "Shekara shida ina ɗakin nan, ba wanda ya taɓa manna wa waya lamba. Ranar da ka sa na gani. Na bar maka madubinka, muka bi na'urarka har gareji."

Injiniya ya ɗago kai. "Dogo fa? Yaushe ya fara yi muku aiki?"

Sufeto ya gyara zama. "Ba mu san wani Dogo ba. Mun rubuta saƙon ne don ku tsorata ku fasa. Wace ƙungiya ce ba ta da direba?"

Mutum biyu sun mutu, Injiniya da yaran Oga biyu na tsare. Motar ta haye gada goma da kwata, ba wanda ya tare ta. Matar Dogo ta haihu ran Asabar, namiji.