Ƙafafun Iya Tabawa

Ƙafafun suka lanƙwasa gwiwa a hankali, suka miƙe, suka fitar da Iya Tabawa daga zaure. A sama jiragen rataye na birnin Gumel suna wucewa kamar jemagu. A ƙasa kuwa tsohuwar da ta yi shekara da shekaru a kan tabarma ce take takawa kasuwa.

Autanta, Injiniya Mamuda, shi ya ƙera su: fararen sanduna da ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa idon sawu, da ɗan inji a kowace gwiwa. Ƙarfen alminiyam ne da aka gauraya da magniziyam kaɗan. Abin al'ajabin wannan ƙarfe, wahala ce ke ba shi ƙarfi. Da sanyinsa ake matse shi tsakanin gangunan inji, yana shan matsa yana ƙara tauri, ga shi ba nauyi, ba ya tsatsa. Amma in ya ji wuta sosai, sai ya manta duk wuyar da ya sha, ya koma laushi.

Mamuda ya yi mata bayanin nan a tsaitsaye, yana duba agogo.

"Iya, in sun riƙe ki, ki ci gaba da zama a gidanki. In sun kasa, sai benen tsofaffi, inda na'ura za ta kula da ke."

"Benen da inji ke ba mutum tuwo a baki? Allah ya kiyashe ni."

Sun riƙe ta kuwa. Da yake sun riƙe ta, Mamuda bai ƙara samun dalilin zuwa ba, sai gaisuwa ta waya.

Iya ta raɗa musu suna Hassana da Usaina. Tana hira da su, tana yi musu faɗa in sun yi sauri. Da damina ta kankama, Usaina ta fara ƙara a gwiwa.

"Sanyi ya kama ki, 'yar nan," in ji Iya.

Ta yi musu abin da ta yi wa ƙafar kowane ɗa nata. Kullum da yamma ta kwance su, ta shafe su da man shanu, ta gitta su a kan kaskon garwashi ta yi musu gashi, har sai sun gagari taɓawa.

Wata ranar kasuwa, a gaban masu daddawa, Usaina ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Hassana ta bi ta. Iya ta zauna daɓas a ƙasa. Aka kira Mamuda.

Ya durƙusa, ya shafa sandar, ya shinshina hannunsa.

"Iya, man shanu? Kuma wannan baƙin fa? Wuta kika sa musu?"

"Ciwo suke yi. Kai da kake ƙarami, wa ya gasa maka taka?"

"Ai na ce miki ban da wuta!"

"Ka ce, kana kallon agogo."

Motar benen tsofaffi ta sauko da kanta, ta buɗe ƙofa tana jira. Iya ta dube ta, ta kama bakin rigar ɗanta.

Mamuda ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da rigarsa. Sannan ya kwance mata ƙafafun, ya juya mata baya.

"Hau, Iya. Gida za mu."

"Za ka iya? Kai da ko tulu ba ka taɓa ɗauka ba?"

"In na gaji ki yi min gashi."

Ta hau tana dariya, rungume da Hassana da Usaina. Fasinjojin jiragen rataye suka yi ta leƙowa ta taga. A garin da inji ke ɗaukar kowa, yawancinsu ba su taɓa ganin mutum ya goya mutum ba.

"Gobe zan matso sabon ƙarfe, in ƙera miki waɗanda suka fi su," in ji Mamuda yana haki.

Iya ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Kada ka yi sauri, Auta. Garwashi bai ƙare a gidana ba."