Zafin da Aka Kunna Daga Kara

Ana gab da kiran magariba a Kara, Ladidi tana kwashe tuwo, wani wari ya shigo tsakar gida. Warin tsohon mai ne da ya ƙone, haɗe da ƙaurin gashi. Ta duba murhu, ta duba makwarara, ba komai. Da ta buɗe tukunyar miya sai ga baƙin mai yana yawo a sama, mai yauƙi kamar majina. Dole ta zubar da ita, a shekarar da masara ta gagari talaka.

'Yarta Naja'atu tana ɗaki da kwamfutar ofis. A wani ɗakin gwaji take aiki a Gwarzo, inda ake gwada ma'aunan zafi na firjin allurar rigakafi, don a tabbatar ba sa ƙarya. Akwai na'ura can mai tukunyar mai, a sanyaya man ko a dafa shi, a tsoma ma'aunan. Da kuɗin mota ya yi tsada, ogansu ya haɗa mata kwamfutar da na'urar ta intanet, daga gida take danna zafin ya hau ko ya sauka. Tun rasuwar mahaifinta, aikin nan ne cin gidan.

Kwana uku, da rana ta faɗi sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan kwano. Ladidi ta ɗauki ɗaya, ta ƙone mata yatsa. Rana ta huɗu Naja'atu ta faɗi tana aman baƙin mai, hannunta na dama ya yi bororo yana tsiyayar ruwa.

Aka ɗauko Malam Ɗalha daga Garo. Ya toshe hanci da gefen rawani, ya zauna ya yi ta karatu. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito.

"Hannun nan nawa ne."

Malam ya ce, "Wace ce ke? Me ta yi miki?"

"Marka. A gindin tukunyar man nan ta wurin aikinta muke hutawa ni da jikata, saboda sanyinta. Da, mutum ke zuwa, mu ji takunsa, ya yi bismillah, mu matsa. Ran Talata ɗaki a kulle, ba kowa, sai mai ya tafasa a kanmu. Jikata ta saluɓe."

Ladidi ta fashe da kuka. "Wallahi Malam, ko ruwan zafi ba ta zubarwa ba bismillah. Ni na koya mata."

"Ta yi a Kara," in ji muryar, "mu muna Gwarzo. Wa ya ji?"

Malam ya ce, "An cuce ku, amma ba da gangan ba. Ku ma me ya kai ku kwanciya a kayan aikin mutane?"

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Sake wata."

"To ta bar aikin."

Malam ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta dinga murƙususu, sannan ya ce, "Naja'atu, in kina jina, zafin na'urar nan yana iya hawa a hankali?"

Da ƙyar, da muryarta ta gaske, ta ce, "Yana yi, Malam. Sai dai aikin awa ɗaya ya zama uku."

"Kin ji, Marka. Ɗumi zai fara zuwa muku kafin zafi. Shi ne sallamarku."

Tsohuwar ta yi tsaki mai tsawo. "Ran da ta yi sauri, zan dawo."

Naja'atu ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Ladidi ta sa sanda ta naɗe tabarmar da yarinyar ta yi amai a kai, ta kai bayan gida ta cinna mata wuta.

Bayan mako biyu oga ya bugo waya yana faɗa, wai aiki ya koma tafiyar hawainiya. Naja'atu ta dubi uwarta. Ladidi ta karɓe wayar, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, in sauri kake so, ka je ɗakin da ƙafarka ka kunna. Amma ka yi sallama."