Fitilun Rana a Motar Daji

Na sha faɗa wa ƙanena, mai gyaran wayar mota, cewa in magariba ta yi a rufe bonet. Ba ya ji.

Ranar nan yana ɗaura wa wata motar shiga daji fitilun rana, masu kamawa da zarar an murɗa makulli, ko da rana tsaka ne. Magariba ta yi, gareji ya watse, mai motar kuma da asuba zai tafi. Karnukan layin suka yi tsit.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Wani dattijo ne tsaye gaban motar, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba.

"Yauwa, Baba. Duba mini ko za su kama."

"Dare kun ƙwace mana da fitila, mun haƙura. Yanzu ranar ma? Jikokina a kan hanyar dajin suke barci. Cire wayar."

Ƙanena ya yi dariya, ya shiga ya murɗa makulli. Haske ya ratsa dattijon ya sauka a bango, fari fat, babu inuwa.

Sai muryar ta fito daga kujerar baya, dab da kunnensa: "Ɗan nan, na ce cire wayar."