Hannun da Ya Datsi Wardin Vernon

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda daga otel ɗin bakin tafki. An tsinci wani tsoho kwance a ɗakin shirya furanni, ba ya iya tashi, kuma an yi masa sata.

Sufeto Lorne Pelletier ya iso ya tarar motar asibiti ta riga ta tafi da tsohon. Otel ɗin cike yake da 'yan ƙungiyar masu noman wardi na lardin Ontario, sun zo gasar ƙananan wardi da taron kwana biyu da suke yi duk watan Yuni. Yawancinsu sun ba sittin baya. Kowa da akwatin sanyi a hannu, kowa da magana a baki.

Shugabar ƙungiyar, Misis Pauline Szabo, ta tare shi tun daga ƙofa.

"Vernon Hiebert ne, shekararsa tamanin da ɗaya. Shekara goma sha biyu ya yi yana haɗa iri kafin ya samu wannan wardin, yau zai fara nuna shi. Tukunya ɗaya tak ce a duniya, Sufeto. An datse mata rassa bakwai, shi kuma an tura shi ya faɗi."

"Wa ya tura shi?"

"Ya ce bai gani ba. Amma ga mai riƙe da makulli can."

Ta nuna wani mutum sanye da rigar masu shara, yana tsaye jikin bango. Sunansa Efren Dalisay, mutumin Filifin, ya kusa hamsin, shekararsa huɗu yana aiki a otel ɗin.

"Ka shiga ɗakin nan yau?" in ji Pelletier.

"A'a, yallaɓai."

"Juye aljihunka."

Makullai suka fito, da hankici, da wani ɗan fure ruwan lemo wanda bai fi kan babban yatsa ba. Misis Szabo ta dafe ƙirji.

"Na Vernon ne!"

Pelletier ya dubi agogo. Surukinsa na jiransa a kwale-kwale ƙarfe goma sha biyu za su kamun kifi. Ya ciro ankwa ya ɗaura wa Efren a tsakiyar zauren, mutum ɗari biyu suna kallo, ya miƙa shi ga Saje Anika Friesen.

A bakin mota Efren ya juyo.

"Yallaɓai, takardun zamana suna hannun hukuma, saura wata biyu. In aka rubuta mini laifi an kore ni ke nan. Matata da 'ya'yana suna can gida suna jiran in ɗauko su."

"Da ka tuna da su kafin ka yi mini ƙarya."

Saje Friesen ta ce za ta shigar da tuhuma ƙarfe huɗu, in ta gama ɗaukar jawabi. Motar ta tafi.

Pelletier ya koma ɗakin shirya furanni don ya ɗauki hoto ya rufe fayil. Tukunyar na kan tebur, tsiron bai fi kamu biyu ba. Misis Szabo ta biyo shi, ta sunkuya kan tsiron, ta gyara tabarau. Magana ta suɓuce mata.

"Kai, wannan hannu ya iya."

"Me kika ce?"

"Ba komai."

"Misis Szabo."

Ta ja numfashi. "Dubi inda aka yanka. Kowane reshe, daidai saman ganye mai 'ya'ya biyar, wanda ke kallon waje. Kuma a karkace, don kada ruwa ya zauna. Haka ake yi in ana so tsiron ya sake tohowa."

"Ɓarawo ne zai damu da ko ya toho?"

Ta ɗauke ido daga tsiron.

Ya duƙa ya duba da kyau. A kan kowane yanka akwai ɗigon wani abu ja mai ƙyalli, ya bushe. Ya kankara da farce, ya shinshina.

"Wannan fa?"

"Ana toshe bakin yanka saboda tsutsar da ke huda reshe. Da gam ake yi."

"Wannan ba gam ba ne. Jan farce ne. Wa ke amfani da jan farce a cikinku?"

"Mutane da yawa," ta faɗa da sauri, ta ce alƙalai na jiranta, ta fice.

Pelletier ya tsaya shi kaɗai da tukunyar. Ya tuno hannuwan Efren lokacin da yake ɗaura masa ƙarfe, hannuwan da sabulun wanke bene ya tsattsage. Ya kira surukinsa ya ce ya tafi kawai. Sannan ya kira Saje.

"Me Efren ya ce?"

"Ya canza magana. Wai ya shiga ya kwashe shara, ya ga tsoho a ƙasa, ya kira teburin karɓar baƙi da wayar bango, tsoro ya kama shi ya fita. Furen kuma a ƙasa ya tsinta, wai ya ga bai kamata a taka ba."

"Kin tambayi teburin?"

"Shi ya kira. Yarinyar da ke teburin ta gane muryarsa. Amma oga, ai kai ka ce shi ne."

"Na san abin da na ce. Kada ki shigar da komai sai kin ji daga gare ni."

"Ƙarfe huɗu ne dai, oga. Babban oga ya riga ya ga fayil."

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, gobe za a yi aiki, kuma tsohon ya daɗe a kwance kafin a same shi, aƙalla minti arba'in. Vernon Hiebert na kallon silin. Da Pelletier ya faɗi sunansa da aikinsa, tsohon ya yi murmushi.

"Ka ba su ruwa?"

"Su wa, Mista Hiebert?"

"Tukwanen. Guda uku ne."

"An ce mini ɗaya ce."

Tsohon ya ɓata fuska, yana lissafi da yatsu, lissafin ya ƙi fita.

"Wa ya shigo ɗakin da safe?"

"Ban ga kowa ba." Ya juya kai wajen taga. "Na ce mata a'a. Sau nawa zan ce mata a'a?"

"Wace ce?"

"Wa?"

Pelletier ya ƙara minti goma, bai samu komai ba sai labarin ƙanƙarar da ta kashe masa wardi arba'in a wata shekara da shi kansa ya kasa tunawa.

Ƙarfe biyu da kwata ya dawo otel. An gama alƙalanci, an liƙa ƙyalle mai launi a jikin kwalaben furannin da suka ci. Jama'a sun koma babban ɗaki sauraron lacca. A allon ƙofa an rubuta: Yadda ake datse ƙananan wardi, daga bakin Doreen Macaskill, babbar alƙaliyar gasa. Ya shiga ya zauna a baya.

Doguwar tsohuwa ce, gashinta fari, a yanke gajere. Tana riƙe da almakashi, ga tukunyar gwaji a gabanta.

"Ku nemi ganye mai 'ya'ya biyar," take cewa. "Ba uku ba, Gordon, biyar. Shekara ashirin ina gaya maka, wardinka har yanzu kamar tsintsiya."

Aka yi dariya. Ta datse reshe, ta laluba aljihun rigar aikinta, ta ciro 'yar kwalba ja, ta tsaya tana kallonta kamar ba tata ba.

"Ga kayan kwalliyar Doreen sun fito!" wani ya ɗaga murya. "Gam ya yi miki me ne?"

"Gam ba ya nuna mini inda na riga na bi," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa.

Pelletier ya dubi hannunta. Farcenta gajeru ne, da baƙin ƙasa a ƙarƙashi, babu alamar sun taɓa ganin ja. Ya waiga ya ga Misis Szabo a gefen ɗaki, ta sunkuyar da kai.

Ya jira aka gama tafi. Ƙarfe uku da minti biyar ya same ta tana haɗa kaya.

"Misis Macaskill, ina kike ƙarfe takwas na safe?"

"A ɗakina. Alƙali ba ya shiga ɗakin shiri kafin gasa, doka ce. Kada ya ga furen wa ke wace kwalba."

"To ba ki ga tsiron Mista Hiebert ba yau."

"Ban gani ba."

"Yanka bakwai ne a jikinsa. Huɗu, ɗigon jan ya zauna daidai a tsakiya. Uku kuma ya zarce ya gangaro gefe, kamar hannun na rawa." Ya ajiye wayarsa a kan tebur, hoton na sama. "Me ya faru tsakanin na huɗu da na biyar?"

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ja kujera ta zauna.

"Ina mutumin nan mai shara?"

"Yana ofishinmu. Ƙarfe huɗu za a rubuta masa sata da raunata mutum. Daga nan sai jirgi."

"Na ga lokacin da ka sa masa ƙarfe. Ina tsaye bayan Pauline." Ta murza kwalbar a tafin hannu. "Na ce a raina, ai za su gane ba shi ba ne, su sake shi. Na shiga na yi alƙalancin fure ɗari da sittin."

"Ni kuwa na ce a raina shi ne. Faɗa mini."

"Shekara arba'in muna tare da Vernon a ƙungiyar nan. Ƙwaƙwalwarsa ta fara rikicewa tun bara, kowa ya sani, ba mai faɗa. Tukwane uku ne da. Ɗaya ya ba ta ruwa sau biyar a rana har ta ruɓe. Ɗaya ya fesa mata maganin kashe ciyawa yana zaton taki ne. Na roƙe shi ya ba ni reshe ko biyu in dasa, don kada irin ya ɓace. Ya ce so nake in sace masa suna." Ta share hanci da bayan hannu. "Na san yana zuwa shan kofi ƙarfe takwas. Na shiga. Ina kan na huɗu ya dawo, ya manta walat. Ya kama ni a hannu, na fizge. Ban tura shi ba, Sufeto. Na fizge ne, ya tafi da baya."

"Sai kika kira taimako."

"Ka san ban kira ba."

"Me kika yi?"

"Na datsi sauran ukun." Ta dube shi ido cikin ido. "Yana kwance yana kiran sunana. Na ce bari in toshe bakin yankan ukun, minti ɗaya ne, kada tsutsa ta shiga. Na toshe. Na naɗe rassan a jiƙaƙƙiyar jarida. Da na kai ƙofa sai na ga ba zan iya kiran kowa ba, don za a tambaye ni me alƙaliya ke yi a ɗakin shiri."

"Ina rassan?"

"A firjin ɗakina. Lamba ɗari biyu da tara."

Pelletier ya kira Saje Friesen. Huɗu saura ashirin. Ya ce ta yaga takardar tuhumar, ta dawo da Efren Dalisay otel da kanta, a kujerar gaba.

Ya ɗauki jawabin Doreen Macaskill a rubuce, ta sa hannu. Ya karɓi kwalbar da almakashin da ƙunshin jaridar, ya sa kowanne a leda. Ya gaya mata laifin da ake tuhumarta da shi, da 'yancinta na neman lauya. Ta ce ta ji. Ta ɗauki jakarta, suka bi ta zauren, jama'a na darewa.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Saje da Efren suna shigowa. Efren ya ja baya ya riƙe musu ƙofa, yadda ya saba yi wa kowane baƙo.

Doreen ta tsaya. "Bawan Allah, ni ce. Na gani na yi shiru. Ka yafe mini."

Efren ya ci gaba da riƙe ƙofar.

"Mista Dalisay," in ji Pelletier, "babu abin da aka rubuta a kanka. Takardunka lafiya lau. Kuskure na yi, zan gaya wa manaja da bakina."

"Na gode, yallaɓai."

Efren ya dubi hannuwan tsohuwar, ɗaya riƙe da jaka, ɗaya a sake, babu ankwa. Ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, ƙarfen ya ƙare ne?"

Pelletier ya kau da kai. Ya kama gwiwar hannun Doreen Macaskill, ya wuce da ita zuwa mota.