Dakusasshiyar Aska

Akwai wani yaro ɗan wanzami, shekararsa goma sha uku. Kakansa ya tsufa, hannunsa rawa yake yi, ba ya iya aske gemunsa. Baban yaron ke yi masa duk mako. Yaron yana so a bar masa wannan aiki.

Wata uku yana koyo a bayan ƙwarya da aka shafa wa kumfa. Wata safiya Baba ya ce, "Yau kai za ka yi wa Kaka. In ka yi da kyau, aikin ya zama naka. Ɗauko sabuwar aska, ka wasa ta."

Yaron ya dubi bakin askar. Ya ce a ransa, mai kaifi ita ke yanka mutum. Sai ya ɗauko wata tsohuwa da ta dakushe. Bai tambayi kowa ba.

Kaka ya zauna, aka ɗaura masa tawul.

"To gwani, ka bar mini kunnuwana. Biyu gare ni kacal."

Aka yi sallama a ƙofa, Baba ya je amsawa. Yaron bai jira ba. Ya jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu, ya ja aska. Gashi ya ƙi fita.

"Kai!" in ji Kaka. "Aski kake ko figar kaza?"

Yaron ya danna. Jini ya tsattsafo a haɓar Kaka.

Baba ya dawo, ya sa auduga a wurin. Ya gwada askar a gashin hannunsa.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Ni na zaɓa, Baba. Tsoro na ji kada mai kaifin ta yanke shi."

"Da ka tambaye ni. Dakusasshiya sai an danna, dannawar ke yanka. Mai kaifi ita ke aikin, kai rakiya kawai kake yi mata."

Baba ya ƙarasa askin da kansa. Mako biyu yaron bai taɓa fuskar kowa ba, sai wasa asake a dutse da goga su a fata.

Da aka sake ba shi dama, Baba na tsaye a kansa. Yaron ya ja fatar kuncin Kaka da yatsu biyu, ya kwantar da aska, ya bi kwanciyar gashi a hankali. Kafin ya kai haɓa, Kaka ya fara gyangyaɗi.

Baba ya yi murmushi, ya ce, "Aikin ya zama naka."

Yara, ku ji. In an ba ku umarni kuka ji tsoro, ku buɗe baki ku tambaya. Kada ku canja a ɓoye.